BABI NA UKU: GYARE-GYAREN TILAS GA WUTAR GAGGAWA TA JIRAGEN SAMA NA FASINJA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda jirgin sama yake samun wutar lantarki daga injinansa a lokacin da komai yake tafiya daidai. Wannan babi kuwa zai duba abin da jirgi yake dogara da shi idan wannan wuta ta ɗauke yana sararin samaniya, da irin gyare-gyaren da hukumomi suka tilasta wa kamfanoni su yi. Za a nuna cewa yawan janareto da batura kaɗai bai isa ya tsirar da jirgi ba. Abin da ake bukata shi ne kowace hanyar wuta ta tsaya da ƙafarta, yadda musibar da ta sami ɗaya ba za ta shafi sauran ba.

3.1 Hanyoyin Samun Wutar Gaggawa

A babban jirgin fasinja kowane inji yana juya janareto. Alal misali, jirgi samfurin Airbus A320 yana da manyan janareto biyu, ɗaya a kowane inji. Idan waɗannan suka gaza, akwai hanyoyi uku da ake komawa gare su.

Ta farko ita ce ƙaramin injin da ke cikin wutsiyar jirgi, wanda ake taƙaita sunansa da APU. Yana da nasa janareto, amma da man jirgi yake aiki, saboda haka idan mai ya ƙare shi ma ya mutu.

Ta biyu ita ce batura. Su ne suke riƙe muhimman na'urorin matuƙa da rediyo, sai dai ƙarfinsu na ɗan lokaci ne.

Ta uku ita ce farfelar gaggawa, wadda ake kira RAT a taƙaice. Wata 'yar farfela ce da ke ɓoye a cikin jirgi. Idan wuta ta ɗauke sai ta faɗo waje, iskar da jirgi yake ketawa ta riƙa juya ta, ita kuma ta juya famfon man haidirolik ko ƙaramin janareto. Ba ta bukatar mai, amma ƙarfinta yana raguwa gwargwadon raguwar gudun jirgi.

Amfanin wannan farfela ya bayyana a ranar 23 ga Yuli, 1983, lokacin da mai ya ƙare wa jirgin Air Canada samfurin Boeing 767 yana ƙafa 41,000 a sama, saboda kuskuren lissafi tsakanin fam da kilo. Farfelar ce ta bai wa Kyaftin Robert Pearson damar sarrafa jirgin har ya sauka a tsohon filin soja na Gimli, mutum 69 suka tsira. Haka kuma a ranar 24 ga Agusta, 2001, jirgin Air Transat samfurin Airbus A330 ya rasa injinansa biyu a kan tekun Atilantika saboda yoyon mai, ya lulo har filin Lajes na tsibiran Azores ɗauke da mutum 306, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

3.2 Ma'anar Umarnin Tilas

Kamfanin da ya ƙera jirgi yakan aika wa masu jirage takardar shawara idan ya gano wani aibi. Wannan takarda, ita kaɗai, ba doka ba ce. Tana zama doka ne idan hukumar kula da sufurin sama ta fitar da umarnin tilas a kanta. A Amurka hukumar FAA ce ke da wannan iko, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma hukumar EASA.

Umarnin yakan ƙunshi abubuwa huɗu: samfurin jiragen da abin ya shafa, aibin da aka gano, aikin da za a yi, da wa'adin kammala shi. A bisa al'ada akan fara buga daftari domin masu ruwa da tsaki su faɗi ra'ayinsu. Amma idan hatsarin na kusa ne, sai a fitar da umarnin gaggawa wanda yake fara aiki nan take. Jirgin da wa'adi ya wuce ba a yi masa aikin ba, doka ta hana shi tashi.

A ƙarƙashin yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa hukumar ICAO, ƙasar da aka tsara jirgi a cikinta ita ke da alhakin sanar da aibinsa, ƙasar da aka yi masa rajista kuma ita ke tabbatar da an yi gyaran. Wato ke nan jirgin Boeing mai rajistar Nijeriya, hukumar NCAA ce za ta tabbatar mai shi ya bi umarnin da ya fito daga Amurka.

3.3 Haɗurran da Suka Sauya Doka

3.3.1 Hatsarin Los Angeles, 1969

A ranar 18 ga Janairu, 1969, jirgin United Airlines mai lamba 266, samfurin Boeing 727, ya tashi daga Los Angeles cikin duhu da ruwan sama. Jirgin yana da injina uku da janareto uku, amma janareto na uku ya riga ya lalace, kuma ƙa'idar wancan lokaci ta yarda a tashi da biyu. Jim kaɗan da tashi sai ƙararrawar gobara ta inji na ɗaya ta kaɗa, matuƙa suka kashe shi, janareto na ɗaya ya tafi tare da shi. Wanda ya rage shi ma ya ɗauke. Na'urorin da ke nuna wa matuƙa ko jirgi ya karkata duk suka mutu, ga shi ba a ganin ƙasa balle sama. Jirgin ya faɗa teku a mashigin Santa Monica, mutum 38 da ke ciki suka rasu.

Bayan wannan hatsari ne FAA ta wajabta wa manyan jiragen fasinja su ɗauki na'ura ta uku mai nuna karkatar jirgi, wadda wutarta ba ta fitowa daga janareto. Dokar ta ce dole na'urar ta ci gaba da aiki na aƙalla minti 30 bayan duk janareto sun mutu, kuma ta kama aiki da kanta ba sai matuƙi ya taɓa wani makunni ba.

3.3.2 Hatsarin Chicago, 1979

A ranar 25 ga Mayu, 1979, injin hagu na jirgin American Airlines mai lamba 191, samfurin DC-10, ya ɓalle daga fuffuke a daidai lokacin tashi daga Chicago. Ɓallewar ta tsinka bututun man haidirolik, leɓɓan gaban fuffuken hagu suka koma ciki, fuffuken ya rage ƙarfin ɗaukar jirgi. Akwai na'urar da ke girgiza sandar tuƙi domin gargaɗin irin wannan hali, amma a sandar kyaftin kaɗai take, kuma wutarta daga janareton injin da ya ɓalle take fitowa. Mataimakinsa da ke tuƙi bai sami gargaɗi ba. Mutum 271 na cikin jirgi da mutum 2 a ƙasa suka rasu. Daga cikin gyare-gyaren da aka tilasta har da sanya na'urar girgiza a sandunan matuƙa biyu, da ba ta wuta daga hanya fiye da ɗaya.

Irin wannan tunani ne aka bi a 1985, lokacin da FAA ta fara barin jirage masu inji biyu su yi nisan minti 120 daga filin sauka mafi kusa. Cikin sharuɗɗan akwai cewa jirgi ya mallaki aƙalla hanyoyin wuta uku waɗanda ba su dogara da juna ba.

3.4 Baturan Boeing 787, 2013

A misalan da suka gabata, rashin wutar ajiya ne matsalar. A nan kuwa wutar ajiyar ce da kanta ta zama abin tsoro. Boeing 787 ya fi jiragen da suka gabace shi dogara da lantarki, domin yana da janareto shida: biyu a kowane inji, biyu a injin wutsiya. An sa masa batura biyu na litiyam, ƙirar kamfanin GS Yuasa na Japan, kowanne da ɗakuna takwas. Ɗaya yana gaba domin riƙe na'urorin matuƙa, ɗaya yana baya domin tayar da injin wutsiya. Batirin litiyam ya fi tsohon samfuri ƙarfi da rashin nauyi, amma idan ɗaki ɗaya ya yi zafi fiye da kima yana iya kunna maƙwabcinsa, wannan ma ya kunna na gaba.

A ranar 7 ga Janairu, 2013, batirin baya na jirgin Japan Airlines ya kama wuta a filin Boston bayan fasinjoji sun sauka. Kwana tara bayan haka, ranar 16 ga Janairu, batirin gaba na jirgin All Nippon Airways ya ƙone jirgin yana sama, aka yi saukar gaggawa a Takamatsu. A wannan rana FAA ta fitar da umarnin gaggawa, jirage 50 na wannan samfuri suka tsaya a duniya baki ɗaya. A wancan lokaci, rabon da hukumar ta dakatar da samfurin babban jirgi gaba ɗaya tun DC-10 a 1979.

Gyaran da aka amince da shi a watan Afrilu, 2013, kashi uku ne. An ƙara abin da ke raba ɗakunan batir da juna domin kada zafi ya tsallaka. An taƙaita iyakar cajin da na'urar caji take yi. Sannan aka rufe batirin a cikin akwatin ƙarfe mai bututu da ke fitar da hayaƙi waje da jirgi. Ethiopian Airlines ne ya fara komawa aiki da jirgin, ranar 27 ga Afrilu, daga Addis Ababa zuwa Nairobi.

Rahoton hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, wanda ya fito a Disamba, 2014, ya nuna cewa wutar Boston ta faro ne daga cikin ɗaki guda, inda sassan da ya kamata su kasance a rabe suka taɓa juna. Boeing ya yi ƙiyasin cewa irin wannan zai faru sau ɗaya a awa miliyan 10 na tashi, sai ga shi ya faru sau biyu cikin kimanin awa 52,000. Abin lura shi ne, gyaran bai ɗauka cewa batir ba zai sake lalacewa ba. An tsara shi ne domin ko ya lalace ɓarnar ta tsaya a cikin akwati. Haka kuwa aka gani a Janairu, 2014, lokacin da ɗaki ɗaya na batirin wani jirgin Japan Airlines ya yi hayaƙi a filin Narita, abin bai wuce akwatin ba.

3.5 Matsalar Kwana 248

A 2015 gwajin da Boeing ya yi a ɗakin bincike ya gano wani aibi na daban a jirgin 787. Kowane janareto yana da 'yar kwamfutar da ke kula da shi, a cikinta kuma akwai ma'aunin lokaci da ke cika bayan kwana 248 na aiki ba yankewa. Idan ya cika sai kwamfutar ta kashe janareton. Tunda akan kunna kwamfutocin manyan janareto huɗu a lokaci guda, to za su mutu a lokaci guda, ko jirgi yana ƙasa ko yana sama. Janareto huɗu ke nan a ido, amma rauninsu ɗaya. A farkon Mayu, 2015, FAA ta wajabta a riƙa kashe wutar jirgin gaba ɗaya a sake kunnawa kafin cikar kowane kwana 120, har zuwa lokacin da aka gyara manhajar. Wannan umarni ya riga hatsari zuwa, saɓanin na 1969 da na 1979 waɗanda sai da aka yi asarar rayuka.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an kawo hanyoyi uku na wutar gaggawa, da ma'anar umarnin tilas, da misalai huɗu na gyare-gyaren da aka wajabta tsakanin 1969 da 2015. A kowane misali an tarar da wata igiya ɓoyayya da ta ɗaure abubuwan da ake zaton a rabe suke: na'urorin matuƙa da janareto, gargaɗi da inji guda, ɗakunan batir da junansu, kwamfutoci huɗu da ma'aunin lokaci iri ɗaya. Aikin umarnin tilas shi ne tsinka wannan igiya a duk jiragen samfurin, cikin wa'adi, ko da kamfani zai yi asarar kuɗi. Babi na gaba zai duba yadda injiniyoyi suke gwada waɗannan na'urori a ƙasa, da yadda ake rubuta shaidar aikin a kundin tarihin jirgi.