Kafin Ka Kai Iyalinka Kwana a Ruga

Idan yaranka a birni suka tashi, ba mamaki nono a roba kawai suka sani. Kwana ɗaya a rugar Fulani a ƙasar Gumel zai nuna musu abin da wayar hannu ba ta nunawa. Sai dai kada ka ɗauka jeji ba shi da mai shi.

A tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Pasifik, ƙarƙashin Faransa, 'yan asalin ƙasar, Kanak, suna karɓar baƙi su kafa tanti a filayen ƙabilunsu. Amma baƙo ba ya sauke kaya sai ya miƙa wa shugaban wurin ɗan yadi da 'yar takardar kuɗi, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Mu ma abin da muka gada ke nan, goro ne kawai ya maye gurbin yadi.

Don haka ka fara da bulama ko dagaci, shi zai haɗa ka da arɗo. Riƙe goro, sukari da ganyen shayi. Wannan ya wuce ladabi kawai: yanki ne na iyaka da Nijar, baƙuwar mota da ta tsaya a jeji bayan magariba tana tayar da hankali. A Gagarawa kuwa, inda aka taɓa takaddama kan gonakin da aka ware don noman rake, ganin baƙo yana zagaya fili da kyamara ba ƙaramin abu ba ne.

A ruga, inda aka nuna maka nan za ka kafa tantinka, ba kan burtali ba. Kada ka tambayi mai gida yawan shanunsa, kada ka ɗauki hoton mata ba izini. Kunya ba za ta bar shi ya nemi kuɗin fura ba. Uwargida ta sayi kindirmo da man shanu a hannun matan, kuma a ganina ciniki a nan abin kunya ne.

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, shanu na kiwo a gonakin da aka girbe. Ku sauka ranar Laraba, ku ga tatsa da asuba, ku wuce kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis. Ku tafi da bargo, sanyin hunturun nan ba ya wasa, yara kuma su sa takalmi rufaffe saboda ƙarangiya.