Dogon hutu a Sankilo: a bar yaro ya yi surutu

A Bangui dogon hutun 'yan lakwal cikin damina yake faɗowa. Ana rufe makarantu wajen ƙarshen Yuni, ba a komawa sai Satumba ta yi nisa, kuma a tsakanin nan ne ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya. Mu mazauna PK5, unguwar da kowa ke ce wa Sankilo, mun san yadda abin yake. Lunguna sun cika da taɓo, maigida ya fita rumfa tun da sassafe, uwa na fama da girki ko nata cinikin na cikin gida, yara kuwa an tara su ɗaki guda. Abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa wa ƙaramin waya, a ce wa manyan su sa masa ido. Gida ya yi tsit, mu ce alhamdu lillahi, yara sun natsu.

Wannan tsit ɗin ne ya dame ni. Atamfa nake sayarwa, rumfata ba nisa da Masallacin Koudoukou, asalina Maraɗi, kuma 'ya'yana duka a nan aka yanke musu cibi. Yaron da ya tashi a unguwar nan harsuna huɗu ke kewaye da shi kafin ya yi wayo: Hausa a gida, Sango a titi, Faransanci a lakwal, Larabci a makarantar allo. In ya leƙa kasuwa ya ƙara da Fulatanci da Larabcin mutanen Chadi. Arziki ne babba. Amma fa harsunan nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Sango ne harshen wasa, da shi ake faɗa, da shi ake shiryawa, kuma tare da Faransanci shi ne harshen hukuma a ƙasar. Hausa ba ta da mai riƙe ta sai mu. Ku gwada kiran gida ta WhatsApp ku ba ɗan shekara shida waya. "Ina kwana, Kaka?" "Lafiya lau." Shi ke nan, jari ya ƙare, ya miƙo waya ya ruga. Tsohuwa can Maraɗi ko Katsina ta yi dariya ta ce jikanta ya zama Bature, amma wanda ya san ta ya san ba dariya ba ce.

Akwai dalilin da ya sa muke kulle yara, kuma ba wanda zai ga laifinmu. Duk wanda ke nan a watan Disambar 2013 da shekarar da ta biyo baya bai manta ba. Dubban 'yan uwa suka bi motoci zuwa Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka zama kamar a kurkuku cikin unguwarsu, harabar masallacin ta cika da iyalan da suka rasa matsuguni. Ranar 30 ga Nuwamban 2015 da Paparoma Francis ya shigo masallacin nan, Liman Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi, duniya ta ga Sankilo a talabijin. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba shi ne yaran da kalmar da suka fi ji a shekarun nan ita ce "yi shiru". Yau waɗannan yara sun zama samari da 'yan mata. Kasuwa ta dawo, sai dai ƙofar da muka saba rufewa ta zame mana jiki, ƙannensu suka gaje ta, aka haɗa musu da waya.

To ai wayar ma magana take yi, in ji wata abokiyar cinikina, yaronta har ya iya ƙirga da Turanci daga bidiyo. Gaskiya ne tana magana, amma ba ta sauraro. A shekarar 2003 wata malama a Jami'ar Washington ta Amurka, Patricia Kuhl, da abokan aikinta suka yi wani gwaji da jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida. Wasu aka riƙa kawo musu mai jin harshen Sin yana wasa da su yana musu magana, zama goma sha biyu. Wasu kuma aka nuna musu irin wannan maganar a allon talabijin. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido suka iya bambanta sautukan harshen Sin. Na talabijin kuwa kamar ba su taɓa ji ba. A 2018 masu bincike na MIT da Harvard suka naɗi hirar gidajen yara 36 'yan shekara huɗu zuwa shida, suka kuma duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Abin da ya fi tasiri ba yawan kalmomin da aka zuba wa yaro ba ne, a'a, yawan karɓa-karɓa ne: ka faɗa ya mayar, ya tambaya ka amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da wanda bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, 'yan biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Sai kuma maganar da ake yawan yi, wai harsuna da yawa ke ɗaure wa yaro harshe. Masana ba su samu haka ba. Yaron da ya ce "Inna, ba ni ngu" bai ruɗe ba, ya ari kalmar ruwa daga Sango ne kamar yadda ke ma kike cewa "marshe" ko "lopital" ba tare da kin lura ba. In ana lissafin kalmomin da ɗan shekara biyu ya iya, har da na kowane harshe ake haɗawa. Kada ki tsawata masa. Ce masa kawai, "Ruwa kake so? Ga ruwa, mai sanyi ne," ya ji daidai ɗin a bakinki. Kuma kada wani ya ruɗe ki da cewa ki daina yi masa Hausa don ya iya Faransanci. Harshen da kika fi ƙwarewa da shi, wanda kike iya ba'a da lallashi da karin magana a cikinsa, shi ne wanda zai fi amfana da shi daga gare ki.

Mu 'yan kasuwa muna da ajin da ba malamin da yake da irinsa, wato rumfa. Tun hutun bara nake ɗaukar yaro ɗaya, safiya ɗaya a mako, bi da bi. Ɗaya, ba uku ba. In sun taru da Sango za su yi ta yi da juna, ke ki koma 'yar kallo. Ba aiki nake sa shi ba, hira muke yi. In an kwance dila sai in ce, "Auta, wace ta fi kyau, mai ganye ko mai tsuntsu? Don me?" Wannan "don me" ɗin ita ce gishirin. Tambayar da amsarta "i" ko "a'a" ce ba ta buɗe baki. A kan turmi ɗaya na atamfa yaro zai koyi shuɗi da kore da ruwan ɗorawa da ruwan goro, ya koyi yadi da gwado da kalmasa, ya ji bambancin "ta koɗe" da "ta zuba". In mai saye ta zo ya ji yadda ake gaisawa, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Ciniki gaba ɗayansa karɓa-karɓa ne, abin nan da masanan Amurka suka sa na'ura kafin su gano.

Lissafin kuɗi ma fage ne. Mu na ƙasashen sefa da dala muke ƙirga: sefa biyar dala ɗaya, sefa ɗari dala ashirin, sefa ɗari biyar dala ɗari, dubu kuma jaka guda. Da Sango dubun nan "saki" ce, daga kalmar Faransanci ta buhu, ka ga jaka da buhu ɗan juma ne da ɗan jummai. Ɗan shekara bakwai da ya iya juya farashi daga Faransanci zuwa Hausa zuwa Sango ya yi aikin ƙwaƙwalwa da ya fi shafi biyu na littafin lissafi. Kuma yara na son kalmar da ke da fuska biyu. Koko a wurinmu na gero ne da ake sha da ƙosai, a Sango kuwa ganyen daji ne da ake yankawa siriri a yi miya a ci da gozo, tuwon rogonsu. Ki sa su farautar irin waɗannan kalmomi, wanda ya kawo sabuwa ya ci makara ɗaya, fanken nan na bakin hanya.

Kai kuma maigida, ba a bar ka a baya ba. In motar kaya ta iso daga Duwala, ɗauko ɗanka ya ga ana saukewa, ka bi masa hanyar da baki: Garwa-Bulai, Beloko, Buwar, Bowali, sannan Bangui. Kwana nawa ta yi, me ya tsayar da ita a iyaka, wace gada ce ruwa ya ci. Gobe ka ce shi ya ba ƙanwarsa labarin. Tafiya masallaci ma haka. Daga gida zuwa Koudoukou da la'asar mintoci ne kaɗan, amma yawancinmu uba na gaba da carbi, ɗa na baya kamar jela. Ku jera mana. Makarantar allo tana gyara kunne da harshe, yaron da ya iya fitar da haruffan Larabci ya sami horon da ba ƙarami ba, sai dai hadda daban, hira daban. In ya taso tambaye shi wa aka wanke wa allo yau, wa ya yi kuka, me malam ya ce. Ka yi haƙuri ya gama in'inarsa, kada ka ƙarasa masa zance.

A nan sai na taɓo wani abu da ba mu cika son a taɓa ba, kunyar ɗan fari. A gida al'adar tana da madafa: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, amma ga kaka, ga gwaggo, ga inna, ga kishiyar uwa, kowa na ɗauka yana masa tawai. A Sankilo fa? Yarinya ce aka kawo daga Zinder ko Kano, ɗaki ɗaya, ita da jariri daga safe har dare, ba kaka ba gwaggo. In ta riƙe kunya yadda aka koya mata, wa zai yi masa magana? Ni dai ra'ayina, a sakaya sunan in ana so, a kira shi Babangida ko Abba, a kawar da kai gaban surukai. Amma in an shiga ɗaki a yi masa surutu: yanzu zan yi maka wanka, ga ruwa, ga soso, ɗaga hannu. Kunya ba ta ce a bar yaro cikin shiru ba.

Daren damina kuwa, in an ɗauke wuta, ruwa na dukan kwano, ba abin da ya kai tatsuniya. Gizo da Ƙoƙi ba sa bukatar caji. Ki tsaya a tsakiya ki ce, "To, me kuke jin Gizo zai yi?" Wanda ya manta tatsuniyoyin ya sa a haɗo masa Magana Jari Ce na Abubakar Imam cikin kayan da ke zuwa daga Kano. Littafin da kansa a kan haka aka gina shi: aku ne ke riƙe ɗan sarki a gida da labarai don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. A haɗa da kacici-kacici da wasan karya harshe, don akwai sautukan da Sango ba shi da su kuma su ne ke fara zubewa: ƙ, ts da 'y. Ki ji ko yaronki na bambanta kafa da ƙafa, kare da ƙare, bari da ɓari. Ki mai da shi wasa, wanda ya kasa ya yi tsallen kwaɗo.

Kada wani ya ce sai da kayan wasan kanti. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka fara bin yara 129 'yan ƙasa da shekara biyu waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasunsu ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyarta awa ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da su, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ɗan kasuwa ya san abin da ake kira riba. Ƙyallayen tela, murafun kwalba, gwangwanin tumatir da kwalin sabulu sun isa yara su kafa tasu kasuwar a zaure, ke kuma ki zo a matsayin mai saye mai tsananin taya.

Duk da haka akwai jinkirin da hira kaɗai ba ta magance shi. In jariri ya shekara bai gwalantu, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira shi. In ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya. In ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Ko kuma yana magana da can sai ya daina, to kada a tsaya ga "babansa ma ya yi nauyin baki". Kunne ake fara dubawa. Ciwon kunne mai ruwa, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa duk suna iya rage ji, kuma damina lokacin sauro ce. A kai shi asibitin yara na Bangui, Complexe Pédiatrique. Kafin ki tafi ki zauna da babbar 'yarki ta rubuta duk kalmomin da yake faɗa, na Hausa da na Sango da na Faransanci, har da waɗanda ku kaɗai kuke ganewa, domin likita da Sango ko Faransanci zai yi masa magana, yaro kuma in ya ga baƙo da farar riga yakan ƙi buɗe baki ko da ya iya.