Duwatsun da ke shaidar teku a Adar da Damargu

Ƙasar Nijar ba ta da bakin teku. Motar da ta tashi daga Yamai sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 1000 kafin ta kai tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Amma duk da haka, a gindin tsaunukan Adar, cikin jahar Tawa, da kuma kewayen Tanut, cikin Damargu, ƙasa cike take da duwatsu masu siffar halittun teku. Waɗansu sun naɗe kamar ƙahon rago, waɗansu kamar makankari suke, waɗansu kuwa ƴan dunƙule ne masu zanen tauraro a bayansu. Makiyaya da manoma da ƴan lakwal suna tsintarsu, su duba, su yar, ko su kai gida yara su yi wasa da su. Masana suna kiran irin waɗannan duwatsu da sunan fosil, watau halittar da ta mutu tun zamanin da, ta koma dutse. Tsintarsu sha'awa ce mai kyau, kuma ba ta bukatar kuɗi. Sai dai tana da ƙa'ida, domin dutsen da aka ɗauke ba tare da an rubuta inda aka same shi ba, ya zama kamar shaidar da aka yanke wa harshe.

Yadda teku ta shigo

Wajen shekara miliyan 95 da suka wuce, duniya ta fi ta yanzu zafi, ruwan teku kuma ya yi tashin da ya malale ƙasashe masu kwari. A lokacin nan ruwa ya kwararo daga arewa, ya ratsa inda hamadar Sahara take yau, ya bi ta gabashin Abzin da Damargu, har ya sadu da ruwan da ya hauro daga kudu ta kwarin Binuwai. Teku ce marar zurfi ƙwarai, mai ɗumi, mai yalwar kifi da sauran halittu. Ta ja da baya, ta sake dawowa ba sau ɗaya ba. A dawowarta ta baya, tsakanin shekara miliyan 70 da miliyan 55 da suka wuce, ta biyo ta wajen Gawo, cikin ƙasar Mali, ta cika babban kwarin da masana suka ba sunan Iwillimmidan, ta kai Adar da ƙasar Sakkwato.

In halitta mai ɓawo ta mutu cikin irin wannan ruwa, sai ta nutse, laka ta rufe ta. Naman ya ruɓe, laka ta cika ɓawon, wata lakar ta hau bisa, nauyi ya danne. Da tafiyar zamani lakar ta ƙanƙare ta zama dutse. Sau da yawa ɓawon kansa ya narke, abin da ya rage shi ne lakar da ta ɗauki siffar cikinsa, kamar yadda tubali yake ɗaukar siffar abin da aka zuba shi. Bayan da teku ta tafi, ruwan sama ya yi ta zaizayar ƙasa, ƙoramu suka tsaga tuddai, abin da yake binne ya fito fili.

Kada a haɗa waɗannan da manyan ƙasusuwan Gadufawa, gabas da Agadas, waɗanda suka sa sunan Nijar ya zagaya duniya. Dabbobin Gadufawa a bakin kogi suka rayu, kuma sun riga shigowar tekun da shekaru miliyoyi.

Amonit, mai ƙahon rago

Mafi shahara cikin duwatsun nan shi ne amonit. Sunan ya samo asali daga Amon, abin bautar Misirawan da, wanda suke zanawa da ƙahonin rago. Dabbar tana zaune a bakin ɓawonta, tana da hannuwa masu laushi kewaye da baki. Sauran ɓawon an rarraba shi ɗaki ɗaki, kuma ta hanyar rage ko ƙara ruwa cikin ɗakunan take daidaita nauyinta cikin teku. Inda bangon kowane ɗaki ya haɗu da ɓawo akwai wani zane mai lanƙwashe-lanƙwashe, wani lokaci kamar ganyen itace. Da wannan zane masana suke bambanta iri da iri.

Amfanin amonit ga masana shi ne, irinsa yana canzawa da sauri, kuma kowane iri yana bazuwa nesa. Saboda haka in an sami iri ɗaya a wurare biyu, an san duwatsun wuraren tsara ɗaya ne. Irin da ake kira Vascoceras, wanda ya yawaita a Damargu, an same shi a ramin haƙar dutsen siminti na Ashaka, cikin jahar Gwambe ta Najeriya, an same shi a Aljeriya da Tunisiya, har da ƙasar Fotugal. Wannan yana cikin manyan hujjojin da suka nuna cewa ruwan arewa da na kudu sun taɓa haɗuwa bisa ƙasar Nijar. Akwai ma wani iri da aka raɗa wa sunan ƙasar, Nigericeras, cikin shekara ta 1943, daga duwatsun Damargu.

Amonit ya ƙare ƙaƙaf daga duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da manyan dabbobin da ake kira dinozor. Wannan ya sa mai nema ya kamata ya san inda zai dosa. A Damargu, wajen kilomita 150 arewa da Damagaram, amonit ne yake da yawa. Farin dutsen Adar kuwa, na Kaita da Tamaske da Buza da kwarin Majiya, ya kwanta ne bayan ƙarewar amonit. Abin da ya naɗe a cikinsa ɗan uwan amonit ne, sunansa notil, wanda har yau danginsa suna raye cikin tekun da ke tsakanin Asiya da Ostiraliya. Bambanta su ba wuya: zanen ɗakunan notil layi ne mai sauƙi, na amonit kuwa mai ƙwalƙwashe ne. Tare da notil ana samun bushiyar teku, wadda ƙayoyinta suka zube, saura dunƙulen mai zanen tauraro mai reshe 5, da makankari iri iri, da katantanwa.

Arewa da Tawa, kusa da Kawo, akwai tsaunin Igdaman, inda aka sami haƙoran manyan kifaye masu cin nama, da ƙasusuwan wata dabbar teku mai kama da guza, amma mai tsawon mita da yawa. Cikin shekara ta 1991 aka ba wani irinta suna Igdamanosaurus, kamar yadda aka ba wata ƴar uwarta sunan garin Goronyo na ƙasar Sakkwato.

Masu tsinta na farko

Abin lura shi ne, ba manyan masana suka fara tsintar duwatsun nan ba. A farkon mulkin Nasara, wani hafsan sojan Faransa, kaftin Hanri Gadan, ya tsinci notil da bushiyar teku a Tamaske, ya aika da su birnin Paris. Cikin shekara ta 1903 masanin ƙasa Alber da Laparan ya bayyana wa majalisar masana ta Faransa cewa teku ta taɓa kwanciya a wurin. Cikin 1904 wani masani na gidan tarihin Landan, Bather, ya yi bayanin bushiyoyin tekun da aka tsinta a yankin lokacin aikin shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila. Cikin 1909 Rene Shudo ya fitar da bayaninsa bisa amonit na Damargu, ya sa wa wani iri sunan Gadan.

Ƴan duwatsun nan ba su fi cikin tafin hannu biyu ba, amma sun canza abin da aka sani game da Sahara. Dalili kuwa guda ne: an san garin da suka fito. Bisa wannan tushe aka ci gaba, har Jak Gregar ya fitar da babban bayanin duwatsun kwarin Iwillimmidan cikin 1966. Cikin 1992 kuma aka sake nazarin amonit na Nijar daki daki, da hannun masana na jami'ar Yamai da abokan aikinsu na Turai.

Ƙa'idodin mai nema

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina, daga watan Oktoba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya wanke gangaren tuddai, rana kuma ba ta yi tsanani ba. A Adar, saman tudu jan dutse ne mai ƙarfe, ba a cika samun kome a kansa ba. A ƙarƙashinsa, a tsakiyar gangare, ake ganin farin dutse ya yi ɗamara. Nan ne wurin duba, da kuma bakin ƙorama inda abin da ya gangaro yake taruwa. In ana shakkar ko dutsen farar ƙasa ne, a ɗiga masa ruwan lemun tsami: zai yi ƴar kumfa. Amma kada a wanke fosil da tsami, domin yana cinye zanen. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa.

Kayan aiki kaɗan ne: kaye da bik, tsohuwar takarda ta naɗewa, jaka, da gorar ruwa. Mai salula ya ɗauki foton dutsen a inda yake kwance tun bai taɓa shi ba, ya ajiye bik ko kwabo kusa da shi domin a gane girmansa. Sa'an nan ya rubuta abu 5: ranar da aka tsinta, sunan gari mafi kusa, sunan tsaunin ko ƙoramar kamar yadda mutanen wurin suke faɗi, wurin da dutsen yake, ko gindi ko tsakiya ko sama, da launin ƙasar da ya fito. Ya ba dutsen lamba, ya sa lambar cikin kaye da kuma jikin takardar da ya naɗe shi. Duk wanda ya iya rubuta sunansa da sunan garinsu ya iya wannan aiki. Sunan tsauni da Hausa ko da Tamajak ya fi amfani bisa ga ƙiyasin baƙo, domin shi ne zai mayar da wani wurin ko bayan shekara 50.

Kafin a shiga gona ko makiyaya, a gaida mai wurin, a sanar da maigari. Kada a tafi mutum ɗaya. Kada a juya dutse da hannu, a juya shi da sanda, saboda kunama da maciji. Kada a tsaya ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ci gindinta, kada kuma a shiga ƙorama in hadari ya haɗu, ko da a nesa ne. A ɗauki kaɗan, a bar saura. Abin da yake manne cikin dutse kuwa, musamman ƙashi, a bar shi inda yake. Ƙasusuwan da suke jere, jerin nasu shi ne labarin. In an tsinke su ɗaya ɗaya, ba mai iya mayar da su.

Abin da doka ta ce

Doka mai lamba 97-022 ta ran 30 ga watan Yuni 1997 ita ce take kare dukiyar tarihi ta ƙasa. Ba a haƙa domin neman irin wannan dukiya sai da izinin hukuma, ba a kuma fitar da ita waje sai da izini. Wanda ya gamu da wani abu babba, hanyarsa ita ce ya sanar da magajin gari ko shugaban gunduma, su kuma su kai labari ga ma'aikatar al'adu. A Yamai akwai Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe cikin 1959, yake ɗauke da sunan Bubu Hama, akwai cibiyar bincike ta IRSH, akwai kuma sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni.

Haɗarin da yake fuskantar duwatsun nan iri biyu ne. Na farko ciniki. A kasuwannin Turai da Amurka amonit haja ce, kuma wanda ya sayar wa baƙo da dutse a kan ƴan dala kaɗan bai san abin da ya rabu da shi ba: yana yiwuwa iri ne da ba a taɓa gani ba. Na biyu aiki ne na halal. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta soma aiki cikin 1966, da farin dutsen nan na teku take aiki, haka ma ta Kalambaina kusa da Sakkwato. Ƙasa tana bukatar siminti, ba wanda zai ce a daina. Amma ramin haƙar dutse, da haƙar rijiya, da aikin hanya, su ne suke buɗe abin da ido ba ya gani, kuma in ba a duba ba a ranar, gobe ya shiga injin niƙa. Injiniya ko shugaban leburori da ya ware dutse mai siffa, ya rubuta zurfin da ya fito, ya yi wa ƙasa aikin da ba a sa shi ba.

Masana ilimin ƙasa a Nijar ba su da yawa, ƙasar kuwa ta fi murabba'in kilomita miliyan 1. Ba za su iya taka kowace ƙorama ba. Makiyayi yana takawa, ɗan lakwal yana takawa. In kowace lakwal ta Adar da Damargu ta tanadi akwati guda, da kaye guda, malami ya riƙa karɓar abin da yara suka kawo yana rubuta wurinsa, yaran za su koyi tarihin ƙasar da suke nomawa daga dutsen da suka riƙe da hannunsu, masanin da ya zo daga Yamai kuma zai tarar an share masa hanya. Ya rage ga shugabannin makarantu da na gundumomi su ba wannan ƙaramin aiki goyon bayan da ya cancanta.