"Ina Gida Ne Kawai"

Makonni uku da suka wuce, da yammacin wata Asabar, ƙanwata ta yi mini sallama riƙe da wata tsohuwar jaka cike da takardu. Wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Kano ce ta kira ta intabiyu, ana neman mai koyar da Bayoloji. Rabonta da riƙe alli tun 2013, lokacin da hutun haihuwa na mako 12 da Dokar Ƙwadago ta tanada ya ƙare mata alhali jaririnta na kwance ba lafiya. Ta ajiye aikin da niyyar komawa bayan yaye. Yaye ya zo ya wuce, ƙanne biyu suka biyo baya, yau ga shi an haura shekara goma.

Ta ce, "Yaya, so nake ka yi mini irin tambayoyin da za su yi mini."

Na gyara zama kamar shugaban kwamiti, na ce, "Malama, me kika yi daga 2013 zuwa yau?" Sai ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ba komai, ina gida ne kawai."

Mai karatu, a matsayina na wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin harshe, wannan amsa ta tsaya mini a rai fiye da giɓin da ke cikin takardunta. Dubi yadda muka ƙuntata kalmar "aiki". Idan aka tambaya ko wance tana aiki, albashi ake nufi. Saboda haka macen da ke tashi kafin kiran assalatu, ba ta kwantawa sai kowa ya yi barci, ita ce muke cewa ba ta aiki. An daɗe ana faɗa wa ƙanwata haka har ta yarda, ta kuma ƙara da "kawai" don ta riga mai raini rainawa.

Wani masanin harshe Ba'amurke, Dell Hymes, ya yi bayani tun a 1972 cewa sanin harshe bai tsaya ga nahawu ba, ya haɗa da sanin abin da ya dace a faɗa, ga wa, kuma a wane zama. Intabiyu zama ne mai ƙa'idojinsa, kuma kusan dukkansu sun ci karo da tarbiyyar da muka ba 'ya'yanmu mata. Mun koya musu cewa yabon kai jahilci ne, ba a haɗa ido da babba, kawaici kuma ado ne. Ƙanwata har gobe ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari. To ita ce za ta zauna gaban baƙi huɗu ta ce "ni na yi, ni na iya". Abin takaicin shi ne 'yan kwamitin, waɗanda galibi a irin gidajenmu suka tashi, da zarar sun hau kujera sai su fassara sunkuyar da kai da rashin sani.

Na ɗauko biro na ce ta lissafa mini abin da ta yi a shekarun nan na "ba komai". Da ƙyar ta fara. Shekara huɗu tana ma'ajin ƙungiyar iyaye da malamai a makarantar yaranta. Ita ce uwar adashen mata 18, ba a taɓa neman ko sisi an rasa ba. Duk shekara 'ya'yan maƙwabta masu shirin jarrabawar WAEC da NECO a tsakar gidanta suke bitar Bayoloji, wato koyarwar ma ba ta bar ta ba, albashi ne ya bar ta. Ni da ke cikin gidan ban taɓa haɗa waɗannan wuri guda ba sai ranar.

Sai dai ban yarda da masu ba mata shawarar su laƙaba wa kansu manyan muƙamai irin su "manajar harkokin gida" ba. Kwamiti yakan gane ƙarin gishiri, kuma daga nan ya daina yarda da sauran maganar. Jimla biyu muka tsara: ta bar aiki don renon yara, ga kuma abin da ta ci gaba da yi wanda ya shafi koyarwa. Ba neman gafara, ba dogon labari. Muka yi ta maimaitawa da Turanci, domin Turancin nata bai mutu ba, tsatsa ya yi a baki.

Akwai kuma giɓi na gaske wanda iya magana ba ya cikewa. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta gaba ɗaya, tun 2017 kuma Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, ta fara jarrabawar cancanta, ita ma da kwamfuta. Ɗan farin nan nata shi ya zama malaminta na dare, yana koya mata shigar da maki. Muka kuma gano cewa satifiket ɗinta na digiri da na bautar ƙasa sunan mahaifinmu suke ɗauke da shi, katin ɗan ƙasa kuwa sunan mijinta, sai da ta je kotu ta yi takardar rantsuwa.

Tambaya guda ce na ji nauyin shirya ta a kanta: "Maigida ya amince? Wa zai kula da yara?" Na zauna a kwamitoci da dama, na ji an yi wa mata ita, ban taɓa jin an yi wa namiji ba, kuma na tuna ranar da aka yi ta a gabana na yi shiru. Na ce idan ta zo, ta amsa a taƙaice cewa ta gama wannan shiri kafin ta nemi aikin, ta mayar da zancen kan aji.

Ranar Alhamis ta je. Bayan Magariba ta bugo mini waya. Tambayar shekarun ita ce ta farko, ta ce ta amsa idonta na kan shugaban kwamitin, ko da yake hannunta na rawa a ƙarƙashin hijabi. Daga nan suka miƙa mata alli suka ce ta koyar da zagayawar jini na minti goma. Ta ce, "Yaya, sai da suka tsayar da ni." Sun ce za su kira ranar Litinin.