SOJOJIN JIKI SUN JUYA WA GIDA BAKIN BINDIGA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ku yi min afuwa.

Muna aji biyar na sakandare wata aminiyata ta fara wayar gari da fuska a kumbure, ƙafafu suntum, har takalmin makaranta ya daina shigarta. Ga wani tabo a kumatunta da karan hanci kamar malam-buɗe-littafi ya sauka. Gashin nan nata da muke sha'awa sai zuba yake. Aka ce sammu ne, aka ce iska ce. Wata gwaggonta ma ɗaki ta ja ta tana tuhumarta ko ciki ne, Allah sarki! Sai da fitsarinta ya koma kumfa aka kai ta asibiti, likita ya ce lufus ne, kuma ya riga ya taɓa ƙoda.

To mene ne lufus ɗin? A cikin jininmu akwai ƙwayoyi masu yaƙar cuta, tamkar sojoji. A wannan ciwo sai su ruɗe su afka wa fata, gaɓoɓi da ƙoda. Cikin mutum 10 masu shi, 9 mata ne, yawanci daga shekara 15 zuwa 45, kuma ya fi tsananta ga baƙar fata. Shi ne ya sa aka yi wa mawaƙiyar Amurka Selena Gomez dashen ƙoda a 2017.

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa ya faru ne a garin Erlangen na Jamus a 2021. Farfesa Georg Schett da abokan aikinsa suna da wata budurwa 'yar shekara 20 wadda duk magunguna sun gaza mata. Sai suka ɗebi ƙwayoyin T daga jininta, suka sauya musu hali a ɗakin bincike don su farauci ƙwayoyin B, waɗanda su ne ummul-aba'isin fitinar, sannan suka mayar mata. Sunan dabarar CAR-T, kuma don sankarar jini aka ƙirƙire ta tun farko. Cikin 'yan makonni ƙodarta ta lafa. A 2022 suka ba da labarin mutum 5, 4 daga cikinsu mata, duk sun ajiye magungunansu. Abin da ya fi burge ni, bayan kamar kwana 100 ƙwayoyin B sukan dawo, amma sababbi, ba ruwansu da tsohon rikici.

Sai dai kash! Har yanzu gwaji ne. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum maganin sankara mai ƙarfi, ga zazzaɓi mai zafi da kan biyo baya, ga saurin kamuwa da cuta. Kuɗi kuwa ba a magana, irinsa na sankara dala 475,000 ya fito a Amurka a 2017.

Mu nan abin da ke hannunmu shi ne awon fitsari. Ƙanwata, in kin ga kumburi da kumfa, kada ki bari a tsaya hayaƙi da turare, ki ce a kai ki.

Aminiyata tana nan da ranta, kullum da ƙwayoyinta, kullum tana gudun rana. Da na ba ta labarin budurwar nan ta yi shiru, can ta ce, "Ke, da gaske ba ta shan komai yanzu? Ko ƙwaya ɗaya?"