Ƙari kan ƙari: Lissafin kartar poker da ke cinye jari cikin zagaye uku

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin cinikin shanshera a Zauro, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya san wannan yanayin. Mai saye ya taya, wani ya ƙara, na farkon ya sake ƙarawa. Daga nan an daina maganar darajar buhu, an koma jiran wanda zai fara janyewa.

A kasuwa, wanda ya janye yana tafiya da kuɗinsa a aljihu. A kartar poker, wadda bidiyoyinta da manhajojinta ke zuwa har cikin wayoyin matasa, abin da mutum ya zuba ya zubu. Shi ya sa masanan wasan ke ɗaukar zagayen da aka yi ƙari kan ƙari a matsayin wurin da jari ya fi saurin salwanta.

Yadda wasan yake

A nau'in da ya fi shahara, Texas Hold'em, ana amfani da kati 52. Kowa na riƙe da biyu a ɓoye, sai a buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa ke haɗawa da nasa: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai kuma ɗaya. Kafin kowane buɗi da bayan na ƙarshe ana zuba kuɗi, kuma wanda ba zai biya ba sai ya ajiye katinsa.

A ɗauka mutum biyu kowa na da naira 100,000. Na farko ya zuba 3,000, na biyu ya biya, tulin tsakiya ya zama 6,000, kowa na da sauran 97,000. Akwai sararin kuskure da na janyewa.

Amma idan na biyu ya mayar da ƙari zuwa 10,000, na farko ya biya, tuli ya zama 20,000 tun ba a buɗe kati ko ɗaya ba. Abin da ya rage wa kowa, 90,000, bai wuce ninki huɗu da rabi na tulin ba.

Taku uku zuwa ramin

An buɗe kati uku. Mai ƙari ya zuba 10,000, rabin tuli. Ɗayan ya biya, tuli ya kai 40,000. A buɗi na gaba an zuba 25,000 kowa, tuli ya kai 90,000. A na ƙarshe mai ƙari ya tura sauran 55,000 ɗinsa duka.

Babu zubi ɗaya a nan da ya kai girman tulin da ke gabansa, don haka kowanne yana kama da araha. A takun ƙarshe mutum zai biya 55,000 ne don neman 145,000, ma'ana idan zai ci sau uku cikin goma lissafi ya goyi bayansa. Da irin wannan araha-araha ake wayar gari babu komai. Ƙwararru kan ce ainihin shawarar an yanke ta ne tun lokacin da aka amsa ƙarin farko.

Abin da ƙwararru ke dubawa

Na farko, wa katin tsakiya ya fi yi wa daɗi? Mai mayar da ƙari galibi manyan katuna yake riƙewa. Idan A ko K ya fito, shi ke da rinjaye. Idan 8 da 7 da 6 ne suka fito, wanda ya biya kawai ya fi yiwuwar dacewa, kuma mai ƙari kan sassauta.

Na biyu, girman zubi. Wanda ke riƙe da kati biyu mabambanta yana samun ɗan'uwan ɗayansu a buɗin farko kusan sau ɗaya ne cikin uku. Sau biyu kenan babu abin da ya samu. Don haka mai ƙari kan zuba sulusin tuli kawai: ko sau ɗaya cikin huɗu abokin karawa ya janye, kuɗinsa ya dawo.

Na uku, wa ke magana a ƙarshe? Kamar a ciniki, wanda ya ji tayin kowa kafin ya buɗe baki ya fi kowa sanin inda aka dosa.

Da wa ake karawa?

Wannan lissafi ba sabo ba ne. A 1944 masanin lissafi John von Neumann da masanin tattalin arziki Oskar Morgenstern suka fitar da littafin da ya kafa ilimin nazarin dabarun gasa, kuma poker na cikin misalansu. A Janairun 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, ta kara da ƙwararru huɗu na tsawon kwana 20 a birnin Pittsburgh, aka yi rabo 120,000, ta kuma doke su.

Matashin da ya shiga wasan ta waya bai san wanda ke ɗaya gefen ba, ko me yake amfani da shi. Ban da haka, gidan caca na yankar kasonsa daga tulin. Idan aka haɗa ci da asarar 'yan wasa duka, abin da ya rage a hannunsu bai kai abin da suka shigo da shi ba.

A Kebbi, wadda ke cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne; aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a hani guda.

Sai dai darasin lissafin ya wuce teburin karta. Manomin rani a fadamar Rima da ya riga ya zuba kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa, ko ɗan kasuwar da ya ba da kafin alƙalami sannan farashi ya juya, duk suna jin muryar nan mai cewa an yi nisa, ba a komawa. Kuɗin da ya fita ba ya dawowa don an bi shi da wani. Abin auna wa shi ne wanda ya rage a hannu, da abin da zai iya jawowa idan an ƙara shi.