Malaman da Ke Tafiya Ƙaro Ilimi Waje

Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, garin da a da aka fi saninsa da albasa da masu ɗori, mun saba jin an ce malam wane ya tafi Malesiya ko Ingila ƙaro ilimi. Cikin fannonin da ake koyowa a can har da fasahar koyarwa, wato dabarun isar da darasi ta kwamfuta, rediyo da wayar hannu.

Asusun TETFund ne ya riƙa ɗaukar nauyin irin wannan tafiya, amma daga 1 ga Janairu 2025 ya dakatar da tura malamai waje. Dalilansa biyu: tsadar karatun, ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, sai kuma waɗanda suka gama suka ƙi dawowa.

Na biyun ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Asusun na malaman manyan makarantu ne kaɗai. Malamin firamare a Jega ko Maiyama ba ya ciki, ilimin kuwa ba zai iso ajinsa ba sai ta hannun wanda ya dawo ya horar da shi. Shi ma mai dawowar, sau da yawa ajin da zai tarar ba wuta, yara maƙil. Mu tuna, da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo ne ya kai darasi ƙauyuka a jihohi da dama, ba intanet ba.